Tambayoyin da aka fi yi min kan sayen shuke-shuke da rainonsu a tsakar gida

Lokacin da muka tare a gidanmu nan bayan garin Kano a 2017 ba komai a tsakar gidan sai jar ƙasa da ɓaraguzan bulo da magina suka bari, ko tsinke babu, in rana ta take ko ƙofar ɗaki ba ka son leƙawa. Yanzu alhamdulillahi akwai mangwaro biyu, gwaba, lemun tsami, zogale, lalle, gwanda, na'a-na'a da 'yan fulawoyi a tukwane. Ni malamar makaranta ce, ban karanci harkar gona ba, abun da na sani a hannu na koya da kuma tambayar waɗanda suka riga ni. Duk wanda ya shigo gidan sai ya yi tambaya, 'yan uwa da maƙwabta da abokan aiki, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri ɗaya in amsa iya sanina.

Anti, a ina kike sayo shukokin nan, kuma ya ake gane mai kyau?

Yawanci gurin masu fulawa na bakin titi nake saya, irin waɗanda za ki ga sun jera baƙaƙen ledoji a ƙarƙashin bishiyoyi, akwai su da yawa ta wajen Nasarawa da sauran manyan tituna. Amma inda kika saya bai kai yadda kika zaɓa muhimmanci ba, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke asarar kuɗinsu tun kafin ma su iso gida.

Ido fure yake fara gani. Kina zuwa za ki ga wata ta yi jajir da furanni sai zuciyarki ta tafi can, toh ni yanzu ko kallon furen ba na yi, saiwa nake saya. Ki ɗaga ledar ki duba ƙasanta. In kin ga wata ƙatuwar saiwa ta huda ledar ta shiga ƙasa har sai mai fulawar ya sa wuƙa ya yanke ko ya fizgo da ƙarfi, wannan shukar ta daɗe a gurin, rabin abun da take rayuwa da shi an bar shi a can, kwana biyu za ki ga ta langaɓe. In kuma kika ɗan riƙe karan kika girgiza a hankali kika ji yana rawa a cikin ƙasar kamar an soka sanda, toh jiya ko shekaranjiya aka yanko reshen aka cusa, bai yi saiwa ba tukuna. Wannan ya taɓa faruwa da ni a shekarar farko, na sayi ros guda uku cike da fure, ban yi sati ba duk suka bushe, da na zazzage ledar wallahi ko zare ɗaya na saiwa babu. Abun ya min ciwo sosai dan na sa rai a kansu. Mai kyau ita ce wadda karan ya zauna daram, in kika matsa ledar kika ji ƙasar ta haɗe guri ɗaya, kuma akwai sabon toho a kai.

Sai ki juya ganyen ki duba bayansa, can ƙwari suke ɓuya. In kin ga wani fari-fari kamar auduga ko ƙananan ƙwari sun taru a kan toho ki ajiye ta ko da kyauta ce, dan in kika kai gida sauran shukokinki za ta shafa wa.

Kuma ki sayi ƙarama. Mutane suna son doguwa wai dan ta yi saurin ba da inuwa, amma doguwar da ta shekara biyu a 'yar leda saiwarta ta nannaɗe kamar gammo, ko an dasa ta haka za ta yi ta zagaye ba ta bazuwa. Wadda ta kai gwiwa ko ƙugu ta fi saurin kamawa, shekara biyu za ki ga ta wuce waccan.

Na je Jos na sayo fulawoyi masu kyau, duk sun mutu a wata ɗaya. Hannuna ne ba kyau?

A'a Yaya, hannunki lafiya lau. Jos a kan tudu take, tsayinta ya haura mita 1,200 daga teku, sanyinta da ruwan samanta daban ne da namu. Shukar da ta tashi a can ki kawo ta Kano inda a watan Afirilu zafi yake haura digiri 40, ga iska busasshiya, ai dole ta sha wuya. Wasu suna rayuwa in an ajiye su a inuwa ana lallaɓawa, amma yawanci wahala ce. Ni dabarata mai sauƙi ce, in zan sayi wata fulawa sai na tambayi kaina, na taɓa ganin irinta ta girma a gidan wani a garin nan ta haye bazara? In ban taɓa gani ba bana saya. Bugenbiliya, yalo bush ɗin da ake shinge da shi, kariya, alobera, lalle, waɗannan duk sun san garin, ko kin manta da su kwana biyu suna nan.

Wane lokaci ya fi dacewa a dasa?

In damina ta zauna, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli, lokacin ƙasa ta jiƙu sosai kuma akwai sauran wata biyu zuwa uku na ruwa a gaba, kafin hunturu ya shigo saiwa ta kama. Kar ki ruɗu da ruwan farko na watan Mayu, sau da yawa yana yi ya ɗauke sati biyu ko uku. Maris da Afirilu kam ki haƙura, sai dai in a tukunya za ki sa a inuwa. Kuma ko da damina ce da yamma ake dashe, bayan la'asar, shukar ta samu daren nan ta huta kafin rana ta same ta.

Menene wai mangwaro mai aure? Ya cancanci ƙarin kuɗin da ake sa masa?

Ya cancanta, indai auren na gaske ne. Abun da ake yi shi ne a shuka ƙwallon mangwaro na gida mai juriya, in ya tashi sai a yanke kansa a ɗauko reshe daga bishiyar da aka san 'ya'yanta masu kyau ne, irin su binta suga ko juli ko pita, a haɗa a ɗaure da leda har su manne su zama abu ɗaya. Gindin na wani, saman na wani. Amfanin shi biyu ne, kin san irin 'ya'yan da za ki samu, sannan yana fara haihuwa da wuri, shekara 3 zuwa 4, alhali na ƙwallo sai ya kai shekara 6 ko fiye kina jira kuma ba ki da tabbacin abun da zai haifa. Haka ake yi wa lemo ma.

Inda matsalar take, baki kowa yana da shi, kowa zai ce miki mai aure ne. Ki duba karan da kanki, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa za ki ga tabon inda aka haɗa, wani lokacin ma da sauran ledar ɗaurin, kuma launin ɓawon sama da na ƙasa yakan ɗan bambanta. In kara ya miƙe sumul daga ƙasa har sama ba tabo ko ɗaya toh na ƙwallo ne, ki biya kuɗin na ƙwallo. Sai dai tabon ba zai gaya miki wane iri aka aura ba, wannan amana ce tsakaninki da mai sayarwa, shi ya sa na itatuwan marmari na fi son in saya gurin wanda ya daɗe a guri ɗaya wanda zan iya komowa in same shi bayan shekara uku. Masu son tabbaci sosai suna iya neman cibiyoyin gwamnati, akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a Bagauda nan jihar Kano.

Abu biyu da ba a cika gaya wa mai saya ba. Na ɗaya, in za ki dasa kar ki binne gurin auren, ya zauna a saman ƙasa. Na biyu, duk tohon da ya fito daga ƙasan tabon ki cire shi da hannu tun yana ƙarami, dan na gindin ne, ya fi ƙarfi, in kika bar shi zai shanye abincin ya kashe na saman. Wata maƙwabciyata haka lemonta ya yi, ta yi ta murna ya yi ganye ya yi reshe ashe gindin ne ya tashi, da ya haihu 'ya'yan ba irin wanda ta saya ba ne sam.

Sannan in ɗan ƙaramin mai aure ya yi fure a shekarar farko, ki daure ki tsinke. Na san da wuya, ni ma sai da na yi ta jinjinawa, amma karan bai yi ƙwarin ɗaukar 'ya'ya ba, gara ya sa ƙarfinsa a girma.

Ƙasar gidanmu ja ce mai tauri, ga siminti a ciki. Za ta yi?

Za ta yi in kin gyara ramin. Ni nakan sa a haƙa kamar santimita 60 faɗi da zurfi, a tsince duk ɓaraguzai da ledoji, sai in haɗa ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi in mayar. Kafin ki dasa ki cika ramin da ruwa ki gani, in ya tsotse cikin 'yan awanni lafiya, in ya kwana yana nan toh akwai marmara ko laka a ƙasa, sai a ƙara fasawa ko a canza guri, in ba haka ba watan Agusta ruwa zai kwanta saiwar ta ruɓe. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba, na sha ganin mutane sun binne shuka da ledarta wai ai za ta huda da kanta. A zauna da ita daidai zurfin da take a leda, a danna gefe da ƙafa a hankali, a yi mata ɗan kwari kewaye kamar faranti dan ruwa ya tsaya, a ba ta ruwa sosai.

Sau nawa ake ban ruwa? Mu fa ruwa saya muke gurin 'yan garuwa.

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa tun kafin ya je gurin masu fulawa. Da damina kowa manomi ne, komai kore shar, amma daga Oktoba har Mayu kusan wata bakwai zuwa takwas ke ce ruwan saman shukarki. Ki lissafa jarka nawa za ki iya warewa a sati a watan Afirilu lokacin da ruwan yake tsada kuma 'yan garuwan ma sai an bi layi, iya wannan za ki shuka. Biyar da kike iya shayarwa sun fi ashirin da za ki zuba ido suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma abun yana karya zuciya har mutum ya ce shi ya haƙura da shuka gaba ɗaya.

Sabon dashe kullum ne a sati biyun farko in ba a yi ruwa ba, daga nan a koma bayan kwana biyu ko uku. Bishiya ta fi son a ba ta da yawa lokaci ɗaya ya shiga can ƙasa, da a riƙa yayyafa mata kofi ɗaya kullum, dan yayyafin nan a sama yake tsayawa sai saiwar ma ta tsaya a sama inda rana take gasawa. Na tukunya kuma da bazara kullum ne wani lokacin safe da yamma. Ki sa yatsa a ƙasar, in da danshi har gaɓa ta biyu ki bari sai gobe. Da sassafe ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba.

Dabarun da suka rage min kashe kuɗi: na rufe gindin kowace bishiya da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, amma ina barin ɗan fili kar ya taɓa karan saboda gara. Na binne ƙananan tuluna na ƙasa waɗanda ba a shafe su da komai ba kusa da lemon da gwabar, bakinsu kawai a waje, in cika in rufe da murfi, ruwan yana tsattsafowa a hankali ta jikin tulun yana kai wa saiwar kwana da kwanaki. Sannan inda muke alwala na sa an yi 'yar hanya ruwan yana gangarawa gindin zogale da lalle, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ma ba a zubarwa a gidana. Ruwan wanki mai omo ko bilic kam kar ki kai shi gindin shuka, musamman ta tukunya, gishirinsa yana taruwa ya ƙona ta.

Ganyen shukata yana komawa ruwan ɗorawa yana zubewa, in ƙara ruwa?

Tsaya tukuna, taɓa ƙasar. Sau da yawa yawan ruwan ne ma ya jawo, musamman in tukunyar ba ta da huji a ƙasa, irin tukwanen siminti masu fenti da ake sayarwa wasu ba a huda su ba. Saiwa ma tana buƙatar iska, in ta zauna cikin caɓi sai ta ruɓe, ganyen ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi, ke kuma ki ƙara ruwa, shi kenan. In ƙasar a jiƙe take ki dakata ki huda tukunyar. In tsofaffin ganyen ƙasa ne kawai suke yin fari-fari shukar kuma ta tsaya ba ta girma, yunwa ce, a ba ta taki. In kuma hunturu ne wasu itatuwan dama suna kakkaɓe ganye, ki ɗan kankare ɓawon reshe da farce, in kin ga kore a ciki tana da rai.

Takin gargajiya ko na zamani?

Ni na gargajiya ne ginshiƙina, kashin awaki ko na shanu da ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, dan bayan abinci yana gyara ƙasar ta riƙa riƙe ruwa, abun da ƙasarmu ta jigawa take matuƙar buƙata. Ɗanyen kashin kaji kuwa zafi ne da shi, ki tara shi gefe kina ɗan yayyafa ruwa kina juyawa wata biyu ko uku kafin ki kai shi gindin komai.

Na zamani ina amfani da kamfa, wato NPK 15:15:15, kaɗan-kaɗan. Tukunya cikin murfin kwalba ɗaya ya isa, a gefe nesa da kara, a rufe da ƙasa a ba da ruwa nan take. Yuriya ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, in hannu ya zarce kwana ɗaya za ki ga ganye ya babbake. Kuma sabon dashe ba a sa masa takin zamani sai ya yi kamar wata ɗaya ya fara sabon toho. Shukar da take jinya ma ba a ɗura mata taki, a fara gano abun da yake damunta.

Gara ta cinye min dashe har biyu, ga wasu ƙwari farare a ganyen. Wane magani zan saya?

Gara ta fi kama shukar da ƙishi ya riga ya raunana, kuma busasshen itace yana jawo ta, har sandar da ake kafawa a ɗaure dashe tana iya zama tsanin da za ta hau. Ki kwashe guntayen katako da magina suka binne, ki kula da ban ruwa, ki barbaɗa toka kewaye da gindin, in kin ga ta fara ginin ƙasa a jikin kara ki kankare da wuri. In akwai shuri a kusa kuma abun ya yi yawa sai an nemi wanda ya san aikin.

Su darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan da suke taruwa a kan toho, da farin ƙuda da masu kama da audugar nan, dogon yaro nake musu. In daka busassun 'ya'yansa kamar gwangwanin madara biyu in jiƙa a ruwa lita 5 ya kwana, in tace da tsumma in ɗiga ɗan sabulu dan ya kama ganye, in fesa da yamma har bayan ganyen. Ba ya kashewa nan take kamar na kanti, hana su ci da hayayyafa yake, dan haka sai an maimaita duk sati har sau uku ko huɗu. In kin ga tururuwa tana hawa tana sauka a jikin shuka ki duba da kyau, yawanci darɓa take bi saboda zaƙin da take fitarwa.

Maganin feshi na kanti ban ce haramun ba ne, amma dan Allah a karanta takardar jikinsa, a sa takunkumi, a kori yara, kuma kar a fesa wa ganyen da za a ci yau ko gobe. Maganin sauro ko na kyankyaso kuma ba na shuka ba ne. Wani ƙwaron ma ko feshin ba ya ji, waɗanda suka tuna 2016 sun san yadda tsutsar nan ta tumatir ta share gonaki a Kano da Kaduna har tumatir ya gagari talaka, in irinta ta kama 'yan tumatirinki na buhu ki tuge ki ƙona kawai.

Kar a manta da akuya da ƙadangare. In a ƙofar gida za ki dasa, ki tanadi abun kewayewa tun kafin ki sayo shukar, bulo ko waya ko ƙaya, akuya minti biyar ya ishe ta ta gama da rainon wata shida.

Gwandata ta girma tana ta fure amma ba ɗa ko ɗaya, me ya faru?

Wataƙila namiji ce. Gwanda akwai mace akwai namiji akwai mai haɗe da duka biyun, namijin furanninsa ƙanana ne da yawa a kan dogayen silla suna reto, macen kuma furenta babba ne manne da kara. Tun suna ƙanana ba a ganewa, duk wanda ya ce miki ya gane a leda ki yi hattara. Ki dasa uku ko huɗu, in sun yi fure ki rage mazan. Kuma gwanda ba ta son ruwa ya kwanta mata ko na kwana biyu, a ɗan tudu ake sa ta. In ta samu yadda take so ba ta cika shekara ba take fara haihuwa.

Dabino ma haka yake mace da namiji daban, shi kuma shekaru za ki yi kafin ki sani, shi ya sa masu nomansa suka fi son ɗan da aka ɓanɓaro daga gindin uwar da aka sani. A Dutse ta Jigawa akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta gwamnati, wato NIFOR, da yake aiki a kan dabino.

Gidan haya muke, ko'ina siminti ne. Ba ni da rabo kenan?

Kina da shi ƙanwata. Buhun shinkafa ko tsohon bokitin fenti a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da taki da ɗan yashi, zai ɗauki alayyafo, yakuwa, attaruhu, kuɓewa, ɗoɗɗoya, har zogale in kina datse kansa. Na'a-na'a ma dama a mazubi ya kamata a sa ta dan in ta samu ƙasa mamaye ko'ina take. Ki ɗora su a kan bulo ko katako saboda simintin da rana yana gasa saiwa, ki nemi inda rana take samu da safe inuwa ta rufe da azahar. Ranar tashi ki loda kayanki a mota. Ki dai sanar da mai gidan, kuma ki kula kar ruwan ya riƙa bin jikin bango.

Maigida ya ce bishiya tana fasa gini, gaskiya ne?

Yana da gaskiya a kan wasu. Ceɗiya, durumi, dogon yaro da malaina saiwarsu tana tafiya nesa neman ruwa, in suna kusa da sokawe ko katanga za su shiga, waɗannan na fili ne ko ƙofar gida mai faɗi. Mangwaro ki ba shi aƙalla mita 5 daga gini, ki kuma ɗaga kai ki duba wayar wuta da katangar maƙwabci, dan ganyen da yake zuba gidan wani yana haddasa rigima. Gwaba, lemo, gwanda, lalle da zogale ba su da wannan fitinar sosai. Ku zauna ku zaɓi gurin tare. Ni abun da ya sa nawa ya sakko har yanzu shi yake ban ruwan safe, hadisin nan ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce a gare shi.

Ba sa jawo sauro da macizai? Ga yara a gidan.

Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, dan haka ki zubar da na farantin ƙarƙashin tukwane, ki rufe durom da tuluna. Maciji kuma duhuwa da tarin shirgi da ɓeraye yake bi, in kina share ƙarƙashi kina rage rassan da suka kwanta a ƙasa ba za ki ba shi maɓoya ba. Abun da na fi jin tsoro ga yara shi ne masu guba. Kariya kyakkyawa ce amma ruwan jikinta guba ne, haka oliyanda mai dogayen ganye da fure ruwan hoda da ake yawan sawa a bakin titi. Duk shukar da in an karya take fitar da farin ruwa kamar madara ki ɗauke ta daga inda mai rarrafe zai kai hannu, ki wanke hannunki in kin taɓa.

Hajiya, in na zo za ki yanko min reshe in gwada?

Da gudu ma, ai yawancin na gidan nan haka na same su. Ki zo da damina da yamma. Lalle, bugenbiliya da yalo bush za mu yanki reshen da ya ɗan yi ƙwari, kaurin fensir tsawon taƙi ɗaya, mu cire ganyen ƙasa, ki soka kusan rabinsa a leda mai yashi da ƙasa ki ajiye a inuwa, ki sa biyar ko shida dan ba duka suke kamawa ba, kuma kar ki riƙa zarowa kina duba ko ya yi saiwa, sabon ganye ne zai gaya miki bayan sati uku zuwa shida. Zogale sanda guda za ki kafa ko in ba ki 'ya'yan, in ya kai ƙugunki ki datse kan ya yi rassa kar ya tafi sama inda hannu ba ya kaiwa. Alobera 'ya'yan gindinta zan ciro miki, na'a-na'a kuma ko a kofin ruwa kika sa ta sati ɗaya za ki ga fararen saiwoyi. Ki taho da jiƙaƙƙen tsumma da za mu naɗe su da shi saboda hanya, kuma ki haɗa ƙasarki a leda tun a gida dan kina isa ki soka su kafin magariba.